Nutson dare a kan duwatsun murjani: amsa ga mai shirin bin jagora karo na farko

Malam, ka rubuto kana cewa ka sami shaidar nutso ta matakin farko, ka yi nutso sau goma sha biyu duk da rana, kuma a wurin da za ka je hutu ana shirya nutson dare a kan duwatsun murjani tare da jagora. Kana so ka san ko ya dace ka shiga, mene ne haɗarin da ke ciki, kuma me mutum yake gani da dare wanda ba ya gani da rana. Na daɗe ina koyar da nutso ina kuma jagorantar mutane cikin ruwa bayan faɗuwar rana, don haka zan faɗa maka abin da nake faɗa wa ɗalibaina. Za ka iya shiga, muddin wurin ba shi da zurfi, ruwan ba ya gudu da ƙarfi, ka riga ka ga wurin da rana, kuma hannunka ya san inda kowane kayan aikinka yake ba tare da ka duba ba. Sharaɗin ƙarshen nan shi ya fi nauyi.

Dokokin ruwa ba sa canzawa don rana ta faɗi. Na'urar shaƙa, tun daga wadda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943 har zuwa ta yau, aikinta ta ba ka iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da kai. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na saman ruwa sau biyu, a mita 20 sau uku, saboda haka tukunyar iskarka, wadda yawanci take ɗaukar lita 11 ko 12 a matsin bar 200 (bar shi ne awon matsin iska), tana ƙarewa da sauri gwargwadon zurfin da ka kai. Iskar da ke cikin huhunka ma tana kumbura ninki biyu idan ka taso daga mita 10 zuwa sama, shi ya sa ba a riƙe numfashi yayin tasowa, da rana ko da dare. Duk wannan ka koya a aji. Abin da dare yake ɗauke maka shi ne alamomin da idonka yake dogaro da su ba tare da ka sani ba. Da rana hasken sama yana nuna maka inda sama take, kana hango gindin jirgi, kana ganin abokin nutsonka ta gefen ido, kuma ko ba ka kalli ma'aunin zurfi ba, kusancinka da ƙasa yana gaya maka ko kana hawa ko kana sauka. Da dare duniyarka ta koma iya da'irar da tocilanka ta haska. Mutum yana iya tashi mita uku ko huɗu bai ankara ba, sai kunnuwansa su sanar da shi, kuma wanda ya tsinci kansa a tsakiyar ruwa, ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama, jiri yana iya kwasarsa har ya rasa gabas da yamma. Maganin wannan sananne ne: ka haska kumfar numfashinka, domin kullum sama take nufa, ka dubi ma'aunin zurfi, sannan ka kama igiya ko hannun abokinka har kan ya daidaita. Shi ya sa jagoran kirki ba ya barin sababbi su sauka ko su taso sai ta bin igiyar jirgi ko gangaren gaɓa.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka gwada kanka a ruwa marar zurfi da rana. Ka rufe ido ka kai hannu ga maɓallin hura rigar iska da na sace ta, ga na'urar shaƙa ta biyu, ga ƙugiyar sakin dalmar da ke nauyaya ka, ga ma'aunin iska. Ka cire tabaran nutso ka mayar, ka fitar da ruwan da ya shiga. Ka tsaya cik a zurfin mita biyar na minti guda ba ka taɓa ƙasa ba, ba ka kaɗa hannu ba. Idan waɗannan suna zuwa maka a sauƙaƙe, dare ba zai ƙara maka komai ba sai ɗan fargaba na minti biyar ɗin farko, wanda kusan kowa yake ji. Idan har yanzu kana fama da daidaita nauyinka a ruwa, kana faɗawa kan ƙasa kana sake tashi, to ka ƙara nutson rana biyar ko goma tukuna, domin da dare hannu ɗaya yana riƙe da tocila, kuma abin da ke ƙarƙashinka yana iya zama mai ƙaya.

Game da jagora, ina so ka fahimci iyakar aikinsa. Shi ya san hanya, ya san ramin da kowace dabba take kwana, ya san lokacin da ruwa yake juyawa, kuma shi zai mayar da ku inda jirgi yake. Amma ba ya ganin ma'aunin iskarka sai ka nuna masa, ba ya jin abin da kunnenka yake ji, kuma a cikin duhu abin da yake ƙirgawa fitilu ne, ba fuskoki ba. Sababbi suna shaƙar iska da sauri da dare fiye da yadda suka saba, don haka ka riƙa duba ma'auni kowane minti biyar, ka sanar da shi idan ka kai bar 100, ka kuma tabbatar kun iso sama da bar 50 a tukunyarka. Za ka gane ingancin masu shirya tafiyar tun daga bayanin da suke yi kafin a shiga ruwa. Ya kamata a faɗa muku iyakar zurfi da iyakar lokaci, wanda yawanci ba ya wuce mita 10 zuwa 15 da minti 45 zuwa awa guda, ko da shaidarka ta matakin farko, irin ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, ta yarda maka da mita 18. Ya kamata a haɗa kowa da abokin nutso, a nuna muku fitilar da za a rataya a ƙarƙashin jirgi ko fitilu biyu da za a jera a gaɓa domin ku gane mafita, a gaya muku abin da za ku yi idan kun rabu, a kuma bar mutum a farke a cikin jirgi da tukunyar iskar oksijin ta agajin gaggawa. A ra'ayina jagora ɗaya bai kamata ya ɗauki sababbi fiye da huɗu da dare ba, kuma idan aka ce maka za ku bi mutum ɗaya ku goma, ka nemi wani wurin. Ka tambaya kuma ko akwai wasu ƙungiyoyi a wurin a daren. Na taɓa ƙirga fitilu a bayana na sami shida alhali da mutum biyar na shiga: wani bawan Allah ne ya tsaya kallon ƙaguwa, ya ɗago ya bi hasken da ya fara gani, ya yi kusan minti goma tare da mu yana zaton mutanensa ne. Tun daga ranar nake ɗaura ƙaramar fitila mai launi dabam a bayan tukunyata, ina kuma nuna wa kowa launin kafin mu sauka.

Tocila biyu ake ɗauka, babba da ta ko-ta-kwana, kuma a ɗaure babbar a wuyan hannu, domin tocilar da ta suɓuce a gefen gangare ba a bin ta. Ka kunna ta kafin ka shiga ruwa. Idan babbar ta mutu ka koma kan ƙaramar, to nutsonka ya ƙare ke nan, sai ka sanar da abokinka ku kama hanyar fita a natse. Da tocilar ake magana: da'ira a hankali tana nufin lafiya lau, kaɗawa gefe da gefe a hankali kira ne, kaɗawa da sauri kuwa neman agaji ne, saboda haka kada ka riƙa wulwula ta barkatai, za ka tayar wa jagora da hankali a banza. Alamar hannu kuma sai ka haska hannun naka a gaban ƙirjinka. Kada ka taɓa dalle fuskar mutum da haske, domin sai ya ɗauki mintuna kafin idonsa ya sake sabawa da duhu. Idan ka nemi abokinka ka rasa, ka kifa tocilar a ƙirjinka maimakon ka kashe ta, ka juya a hankali kana neman ƙyallin tasa, kuma idan minti ɗaya ya wuce ba ka gan shi ba, ka taso a hankali ku haɗu a sama.

Ga wanda zai fara, na fi son a shiga ruwa da almuru, rana ta faɗi amma sauran haske bai ƙare ba. A ƙasashe masu zafi duhu yana rufewa da sauri, cikin kusan rabin awa, sai ido da zuciya su saba da shi sannu a hankali. Ban da haka, wannan ne lokacin da ake canjin aiki a kan murjani. Ƙananan kifaye masu launi da suke shawagi da rana suna gangarawa su shige ramuka, wurin ya yi tsit na ɗan lokaci kamar an share shi, manyan mafarauta suna sintiri a gefe domin a wannan dishi-dishin ne suka fi samun sa'a, sannan ma'aikatan dare su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, jajayen kifaye masu manyan idanu da suka wuni a ƙarƙashin duwatsu su ne kan gaba.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne launi. Ruwa yana shanye jan haske tun a mita biyar na farko, sannan ruwan lemo da rawaya su bi baya, shi ya sa da rana komai a ƙasa yake rinjayar shuɗi da kore. Hasken tocila kuwa daga kusa yake zuwa, bai ratsa ruwa mai yawa ba, sai ka ga soson teku da ka wuce da rana kana zaton toka-toka ne ashe ja ne wur. Abu na biyu shi ne murjanin kansa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa dutse ko tsiro, alhali tarin ƙananan dabbobi ne, kowace tana zaune a cikin ɗan kofin farar ƙasa da ta gina wa kanta. Da rana yawancinsu suna janye jikinsu, suna samun abinci daga wasu ƙwayoyin gansakuka da ke zaune cikin namansu suna sarrafa hasken rana. Da dare, lokacin da ƙananan halittun nan masu yawo a ruwa da ake kira falankton suke tasowa, sai dabbobin su buɗe, kowace ta miƙo hannuwanta masu harbi tana kamawa, har dutsen da yake fayau da rana ya koma kamar an lulluɓe shi da furanni. Idan ka riƙe tocila kusa da shi na ɗan lokaci, tsutsotsi da ƙananan halittu za su taru a hasken, ka ga murjani yana cafke su a gabanka. Ni har yau wannan ya fi burge ni a kan kowane babban kifi.

Ka duba cikin ramuka za ka tarar da kifin aku, mai baki kamar na aku, wanda yake wuni yana gurzar murjani yana kasayar da farin yashi. Wasu nau'o'insa suna saƙa wa kansu jakar majina su kwana a ciki, wadda take kare su daga ƙwarin ruwa masu shan jini. Jatan lande za ka fara gane su ta idanunsu, waɗanda suke ƙyalli kamar garwashi idan haske ya same su. Oktofus, dabbar nan mai hannuwa takwas, yana fitowa farauta, ya baza jikinsa a kan dutse kamar lema ya zura hannuwa cikin kowace kafa, launinsa yana sauyawa yana tafiya. Kifin mori mai siffar maciji, wanda da rana kansa kawai ake gani a bakin rami, yana fitowa gaba ɗayansa yana bin ƙanshin abinci. Akwai wata tauraruwar teku da take dunƙule da rana kamar tsohuwar igiya, da dare ta hau kan murjani ta warware rassanta kamar raga. A Bahar Maliya da tekun Indiya ana yawan haɗuwa da wata babbar dodon-koɗi marar kwanso, ja jawur, wadda ake yi wa laƙabi da 'yar rawar Sifen saboda yadda take kaɗa gefen jikinta idan tana iyo. Kuma kusan kowane jagora, idan an kusa fita, zai sa ku durƙusa a kan yashi ku rufe fitilu ku kaɗa hannu: tartsatsin shuɗin haske zai tashi daga yatsunku, wanda wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya suke fitarwa idan an motsa su. A daren da babu farin wata abin ya fi fitowa.

Akwai wuraren da suka yi suna da nutson dare. A gaɓar Kona ta tsibirin Hawai ana ajiye manyan fitilu a ƙasan ruwa, falankton ya taru a hasken, kifayen manta masu faɗin mita uku zuwa huɗu su zo suna juyi a saman kawunan masu nutso da suke zaune a zurfin kusan mita 10. A Tulamben da ke Bali ta Indunisiya akwai jirgin Amurka mai suna Liberty, wanda aka harba a 1942 aka jingine shi a gaɓa, girgizar aman wutar dutsen Agung ta tura shi cikin ruwa a 1963, yanzu murjani ya rufe shi kuma manyan kifayen aku masu ƙullutu a goshi suna kwana a jikinsa. A babban shingen murjani na Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, murjani iri-iri suna sakin ƙwai da maniyyi a tare 'yan darare bayan cikar wata, galibi a Oktoba ko Nuwamba, abin da masana ba su gano ba sai farkon shekarun 1980, kuma ruwan yakan cika da ƙananan ƙwallaye masu ruwan hoda suna hawa sama. Duk da haka ba na ba ka shawarar ka fara da wuri mai suna, domin cunkoson fitilu da ƙafafu ya fi yawa a can. Murjanin da ke gaban masaukinka, wanda ka zaga da safe, ya fi dacewa da darenka na farko.

Ka ambaci tsoron kifin shak. Nau'in da aka fi gani da dare a kan murjani shi ne mai farin baki a filafilinsa, wanda ba kasafai yake wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma hankalinsa yana kan kifayen da ke cikin ramuka. Waɗanda suke raunata masu nutson dare ƙanana ne. Bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi tana fitowa kiwo da dare ta bazu a kan duwatsu da yashi, kuma ƙayarta tana huda rigar nutso ta karye a cikin nama, saboda haka ka haska duk inda za ka sa gwiwa ko hannu. Kifin zaki, mai dafi a ƙayoyin bayansa, ya koyi bin hasken masu nutso domin ya kama kifin da haske ya ruɗa, yakan zo dab da ƙafarka ba ka sani ba. Kifin dutse ba a bambanta shi da dutsen da yake kai. Harbin waɗannan ana jiƙa shi a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa, kusan digiri 45, sannan a tafi asibiti. A wasu wurare, kamar Hawai da wasu tsibiran Karebiyan, jelifish mai siffar akwati, wata dabba mai laushin jiki mai harbi, yana matsowa gaɓa kwana takwas zuwa goma bayan cikar wata, haske kuma yana jawo shi kusa da saman ruwa, don haka ka sa riga mai rufe jiki duka, ka tambayi jagora ko lokacinsa ne. Harbinsa ruwan khal ake zuba masa, ba a murza wurin.

Su ma dabbobin suna da haƙƙi a kanka. Kifin da yake barci idan ka dalle shi da haske yakan firgita ya fita a guje ya yi karo da duwatsu, ko ya faɗa bakin mafarauci, kuma kifin akun da ya fasa jakarsa ya yi asarar aikin darensa. Kunkurun teku yana rage bugun zuciyarsa ya kwanta a ƙarƙashin dutse da numfashi ɗaya, idan ka tashe shi dole ya nemi sama. Ka haska gefen dabba, ka bar bakin hasken ya taɓa ta, ka kalla na 'yan daƙiƙoƙi ka wuce. Masu ɗaukar hoto ne suka fi kowa laifi a nan, ni ma a da ina cikinsu.

Sauran abin da ya rage lissafi ne. Nutson dare yawanci shi ne na uku ko na huɗu a yinin, jikinka yana ɗauke da ragowar iskar naitirojin ta nutson baya, don haka ka bi abin da kwamfutar nutso da ke hannunka ta nuna, ba ta jagora ba, ka sha ruwa sosai, kuma kada ka kusanci barasa kafin shiga. Idan kana mura ko hancinka ya toshe, ka haƙura da daren, domin kunne ba zai daidaitu ba. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma da dare ana tafiya a hankali, babu rana da za ta ɗumama ka idan ka fito, shi ya sa ko a ruwa mai digiri 27 nake sa riga mai kauri fiye da ta rana. Wajen tasowa ka bi igiya, kada ka wuce mita 9 ko 10 a minti, ka tsaya a mita biyar na minti uku, ka ɗaga tocila sama kana kallo don kada kanka ya bugi jirgi. Idan ka fito nesa da jirgi, ka hura rigarka, ka haska saman kanka ko ka zura tocilar cikin doguwar balan-balan ɗin alama, ka busa usur, kada ka haska idon matuƙi. Game da komawarka gida, ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, da awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Tunda nutson dare yakan ƙare wajen ƙarfe takwas ko tara, kada ka sa shi a daren da za ka tashi washegari da safe.